Ramukan da ƙuraje suka bari a fuska: da wane magani za a fara?

Auta: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da hantsi daga nan Katsina. Anti, yau ni na kawo maganar, don a fuskata take. Ƙurajen da suka dame ni tun ina sakandare sun mutu, amma sun bar mini ramuka a kumatu. Na shafa mai iri-iri, dilka ma an yi mini, shiru.

Anti: Matso wajen taga, Auta, hasken ya bugo ta gefe. Sa yatsu biyu ki ɗan ja fatar. Kin ga wannan ya baje? Wancan na kusa da hanci kuwa yana nan yadda yake.

Auta: Ikon Allah. Ashe ba iri ɗaya ba ne.

Anti: Shekarun da na yi ina aikin jinya, abin da na fi gani ke nan, a haɗa su duka a kira su tabo. Baƙin tabo launi ne kawai, yana dusashewa a hankali. Rami kuwa nama ne ya ɓace. Kumburin ƙurjin ya cinye kolajin, wato sinadarin jiki da ke riƙe da fata, shi ya sa ba man da zai cike shi. Dilka gyaran saman fata take yi, ba ta kai can.

Auta: To ramukan fa?

Anti: Uku ne. Akwai siriri mai zurfi, kamar an soka tsinke. Akwai mai faɗi mai tsayayyen baki, irin wanda ƙarambau ke bari. Sai wanda ya baje da kika ja, mai tudu da kwari. Shi wasu zaruruwa ne a ƙarƙashi suka janyo fatar ƙasa. Likita kan kashe wurin da allura, ya zura wata allurar a kwance ya tsittsinke zaren, sai fatar ta taso. Za ki yi kwanaki da kumburi da taruwar jini, amma in ba a tsinke zaren ba, duk abin da aka yi a sama wahala ce.

Auta: Na tsinken nan su suka fi ci mini rai.

Anti: Su ana ɗiga musu asid mai ƙarfi, TCA, a can cikin ramin kaɗai, da bakin tsinke. Wurin ya yi ɓawo, sabon nama ya taso daga ƙasa. Ana maimaitawa bayan mako 4 zuwa 6. Hannun likitan fata kawai, don ɗigo ɗaya in ya zame, ƙuna ce.

Auta: Ni fa leza na sa a raina. Ita nake ta gani a Instagram.

Anti: Ki lura da fatar waɗanda kike gani. Leza, wato na'urar da ke harba haske mai ƙarfi a fata, tana aiki, musamman ga masu faɗin nan, amma zafi take sa wa fata, ita kuwa baƙar fata da ta ji zafi sai ta ƙara baƙi. Sai ramin ya ragu, ki kwashe watanni kina fama da duhu a kumatu, ga ranar Katsina. Ni da za a tambaye ni, na'urar ƙananan allurai zan sa a gaba. Tana huda fata ƙanana-ƙanana, jiki ya ƙera sabon kolajin, ba zafin wuta. Zama 3 zuwa 6, wata guda tsakani.

Auta: Wata ƙawata a shagon kwalliya aka yi mata, da wani abu mai gungurawa.

Anti: Wannan yana tayar mini da hankali ƙwarai. Abin da ke fitar da jini, in an gungura wa wata an gungura miki, hanyar ciwon hanta ce da ƙanjamau. Kuma in da ƙurji ɗanye, yaɗa shi za a yi. Sai an kashe ƙurajen tukuna. Mai shafa man bilicin ta daina, ta kuma faɗa wa likita gaskiya, don mayukan da ke da sinadarin sitiroyid a ciki suna sirantar da fata. Wadda huda kunne ya taɓa yi mata ƙululu ma ta faɗa.

Auta: Anti, bikina saura mako 7.

Anti: To kada ki taɓa komai mai huda ko ƙuna yanzu, ƙanwata. Kolajin yana ɗaukar wata 3 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, kuma raguwa ramukan ke yi, ba ɓacewa ƙurmus ba. Ki riƙa shafa man kariyar rana kullum, ki bar matsa fuska. Bayan biki mu fara tambaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan gari, in ta kama mu je na Malam Aminu Kano.

Auta: Ke za ki raka ni?

Anti: Ni zan raka ki. Ranar kada ki shafa hoda, likita ya ga ramukan yadda suke.