Kujera Ɗaya a Sent Pol: Jawabi a Taron Ƙungiyar Hausawa Mazauna Minesota

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban ƙungiya, Malam Liman, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, da 'ya'yanmu da ke can baya kowa ya duƙufa a kan waya, barkanmu da wannan zama. Shugaba ya riga ya ja mini kunne cewa su Hajiya sun sauke tukunya, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

A zaurenmu na WhatsApp ba abin da ke wuce mu. Idan an yi cacar baki a majalisar Abuja, kafin la'asar hoton ya iso. Na Yamai ma haka, na Akara haka, balle abin da aka faɗa a Fadar White House. Amma da zan bi wannan ɗaki kujera kujera ina tambayar kowa sunan sanatan mazaɓarsa a majalisar wannan jiha, na san da yawanmu sai dai mu yi murmushi. Ba laifinmu ba ne gaba ɗaya. Mu da muka taso a Najeriya mun saba jiha majalisa ɗaya gare ta, sanatoci kuwa su 109 ne, duk suna Abuja. A nan kuwa jiha tana da majalisa biyu. A Sent Pol, babban birnin jihar Minesota, akwai wakilai 134 da sanatoci 67, kowane sanata yana wakiltar mutum wajen dubu 85. Sukan fara zama a Janairu ko Fabrairu, kuma tsarin mulkin jiha ya wajabta musu tashi kafin ƙarshen Mayu. Kwana 120 kacal aka yarje musu su zauna a cikin shekara biyu. A ɗan wannan lokaci ne ake yanke kuɗin makarantar ɗanka, da lasin tuƙinka, da hutun rashin lafiyarka, da abin da zai shiga aljihunka bayan ka sauke fasinja.

Zan ɗauki sanata guda in bi sawunsa, domin yawancinmu mun san sunansa: Omar Fateh, mai wakiltar mazaɓa ta 62 a kudancin Miniyapolis. Iyayensa 'yan Somaliya ne, an haife shi a nan Amurka. A 2020 ya kayar da sanata mai ci, Jeff Hayden, a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar DFL, wato Dimokurat ta wannan jiha, ya zama Musulmi na farko a majalisar dattawan Minesota.

Zaɓen 2022 ya ba jam'iyyarsa gwamna da majalisun biyu, sai dai rinjayenta a majalisar dattawa na kujera ɗaya ne: 34 da 33. Ku riƙe wannan lissafi, don duk labarin a kansa ya rataya. Idan mutum ɗaya cikin 34 ya ce ba ya yi, ko ya ƙi shigowa zauren majalisa, komai ya tsaya.

Ra'ayin Fateh a kan direbobin Uber da Lyft, kamfanonin motar haya da ake kira ta waya, bai taɓa ɓoyuwa ba. Yana ganin cewa tunda kamfani ya ce direba ba ma'aikacinsa ba ne, ɗan kwangila ne, dokar mafi ƙarancin albashi ba ta shafe shi ba, to dole jiha ta yanka wani farashi da kamfani ba zai biya ƙasa da shi ba. Direbobin da ke cikin ɗakin nan sun fi ni sanin zancen. Motar taka ce, man naka ne, taya da birki da inshora duk a wuyanka. Ka yi awa guda a filin jira na tashar jirgin sama, sanyi yana ratsa gilashi, kana kunna mota kana kashewa don kada mai ya ƙare, sai waya ta yi ƙara. Ka kai mutum gidansa, ya nuna maka abin da ya biya, ka duba abin da ya faɗo maka, ka yi shiru. Wata rana kuma ka wayi gari an rufe maka asusu saboda ƙorafin wani fasinja, ba wanda ya kira ka ya ji ta bakinka.

A watan Mayun 2023 ƙudurinsa ya wuce majalisun biyu, da farashin dala 1 da senti 45 a kowane mil, da senti 34 a kowane minti a yankin manyan biranen nan biyu, Miniyapolis da Sent Pol. Kun ga hoton yadda direbobi suka ɗaga shi sama a cikin ginin majalisa suna sowa. Murnar ba ta yi mako ba. Kamfanin Uber ya yi barazanar janye aikinsa daga sauran sassan jihar, Gwamna Tim Walz kuma ya hau kujerar na-ƙi, karo na farko ke nan da ya yi haka tun hawansa mulki. Hujjarsa ita ce farashin zai sa hawa mota ya yi tsada ƙwarai, kuma akwai tsofaffi da masu buƙata ta musamman da suka dogara da waɗannan motoci. Ya kafa kwamiti, ya sa a yi bincike a kan abin da direbobi ke samu. Gwamnan jam'iyyarsu ne fa, ba na adawa ba.

Da shekara ta zagayo sai kansilolin Miniyapolis suka ce ba za su jira jiha ba. A watan Maris na 2024 suka yi tasu dokar, dala 1 da senti 40 a mil, senti 51 a minti, suka kuma tsallake na-ƙin Magajin Gari Jacob Frey. Kamfanonin biyu suka sa ranar tattara nasu ya nasu, 1 ga Mayu, daga baya aka ɗage fara aikin dokar zuwa Yuli don a ba majalisar jiha dama. Kun tuna yadda hankali ya tashi a lokacin. Wasu daga cikinmu da bashin mota a kansu ba su yi barcin kirki ba.

Zaman majalisa na shekarar zai ƙare ne da tsakar daren Lahadi, 19 ga Mayu. Ranar Asabar, ana saura kwana ɗaya, ga tulin ƙudurori suna jira, sai aka nemi Fateh a zaure aka rasa. Ba ya nan, 34 ta koma 33, jam'iyya mai rinjaye ba ta iya wucewa da komai. Awanni suka yi ta tafiya majalisar dattawa tana tsaye cik, har sai da gwamna da shugabannin majalisa suka fito da dare suka ce an daidaita: dala 1 da senti 28 a mil, senti 31 a minti, kuma kowace tafiya ba za ta gaza dala 5 ba. An haɗa da inshorar rauni ga direba, da hanyar ɗaukaka ƙara idan an rufe asusunsa. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Disamba, 2024, a duk faɗin jihar, ta kuma shafe ta kansiloli.

Mu buga lissafi tare, wanda ke da waya ya duba ni. Tafiyar mil 10 da ta ci minti 20. A dokar kansiloli dala 24 da senti 20 ce. A ƙudurin 2023 da gwamna ya ƙi, dala 21 da senti 30. A dokar jiha ta 2024, dala 19 cif. Kuma agogon yana bugawa ne kawai lokacin da fasinja ke cikin mota. Zaman jira da tafiyar zuwa ɗauko shi ba sa ciki. Wani zai ce ai an yi ragi da yawa. Gaskiya ne. Ni dai a ganina da babu gara ba daɗi, domin kafin nan babu wani ƙasan da kamfani ba zai iya sauka ba.

Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Awannin da aka rasa ranar Asabar ɗin sun bar baya da ƙura. Daren Lahadi, da lokaci ya ƙure, aka ɗinke ƙudurori masu yawa wuri guda, shafi sama da 1,400, aka wuce da su cikin 'yan mintoci, 'yan adawa na Rifablikan suna ta ihu cewa ba wanda ya karanta. Ƙudurin kuɗin gine-gine da gyaran hanyoyi bai fita ba a shekarar. Wasu, har a cikin jam'iyyarsa, sun ɗora wa Fateh wani kaso na laifin, wasu suka ɗora wa 'yan adawa da dogayen jawabansu na cin lokaci. Ni ina ganin ya yi abin da ya yi alkawari, ya kuma san cewa wasu za su biya kuɗinsa. Dabarar da ya yi, gobe wani sanata zai iya yin irinta a kan abin da mu ba ma so.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba shi ne rashin zuwansa zaure ba. Sanata ba ya samun ƙarfin halin yin haka sai ya san akwai jama'a a bayansa. Shekara biyu 'yan'uwanmu Somaliyawa da Oromo da sauran direbobin gabashin Afirka suna cika barandar majalisa, suna ajiye mota a lokacin da aiki ya fi kawo kuɗi, suna zama har tsakar dare da kwalaye a hannu. Sun kafa ƙungiyar direbobi, sun koyi sunayen 'yan kwamiti, sun san wanda ke tangal-tangal. Mu kuma, in ban da ɗaiɗaiku, Allah Ya saka musu da alheri, a waya muka kalla. Ƙarin ya shigo mana kamar yadda ya shigo musu.

Ba zancen mota kaɗai ba ne. Fateh shi ne shugaban kwamitin ilimi mai zurfi a 2023, shi ya tsaya a kan shirin North Star Promise, wanda ya ɗauke kuɗin karatu a kwalejoji da jami'o'in gwamnatin jiha ga iyalin da abin da suke samu a shekara bai kai dala 80,000 ba. Ya fara aiki a kakar karatu ta 2024. Iyaye mata, ku tambayi yaran nan ko sun cike takardar neman tallafin, don ba a bin mutum gida da shi. A 2023 ɗin dai Sanata Zaynab Mohamed ta jagoranci dokar da ta maido wa kowa damar samun lasin tuƙi ko da takardun zamansa ba su kammala ba, bayan an toshe ƙofar tun 2003 zamanin Gwamna Tim Pawlenty. Abincin safe da na rana kyauta a makarantu, shi ma a zaman ne aka yi shi.

Yanzu ga inda nake roƙon Malam Liman da iyayenmu su saurare ni da kyau. Ƙuri'u 34 ɗin nan da suka ba mu waɗannan, su ne suka halatta tabar wiwi ga wanda ya kai shekara 21, daga 1 ga Agustan 2023. Su ne kuma suka sa 'yancin zubar da ciki a dokar jiha. Fateh yana cikinsu, da jam'iyyarsa ya yi. A ɗaya ɓangaren, ƙudurin halatta cacar wasanni ta waya an sha kawo shi bai wuce ba, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi tsayawa a kan ƙinsa shi ne Sanata John Marty, wanda ba Musulmi ba ne, hujjarsa kuwa irin tamu ce: caca tana rusa gidaje. Don haka ni ba na auna sanata da sunansa ko da ganinsa a sahun Idi. Ƙuduri ƙuduri nake binsa, in ga inda ya danna kore da inda ya danna ja. Duk ƙuri'ar da aka kaɗa a zaure tana rubuce a shafin majalisa na intanet, da sunan kowa.

Tunda na ambaci wiwi, samari ku buɗe kunne. Jiha ta halatta, gwamnatin tarayya ba ta halatta ba, kuma shige da fice a hannun tarayya yake. Mai katin zama da ya taɓa ta, ko ya kama aiki a shagon sayar da ita, yana iya gamuwa da matsala ranar da ya je neman zama ɗan ƙasa.

Abin da majalisa ta bayar kuma tana iya karɓewa. A farkon 2025 aka buɗe inshorar lafiya ta MinnesotaCare ga marasa takardun zama. Ba a yi wata shida ba, majalisar wakilai ta rabu biyu daidai, 67 da 67, aka shiga cinikin kasafin kuɗi, aka amince a cire manya a ƙarshen shekarar a bar yara. Dokar direbobi ma ba a kan dutse aka sassaƙa ta ba, kamfanonin kuwa suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, zirga-zirga a ofisoshin sanatoci daga buɗe zama har rufewa.

Shawarar da na kawo wa shugabanni ita ce mu ware mutum biyar, a ciki a sami direba, da mace mai aikin kula da tsofaffi ko marasa lafiya, da ɗalibi. Aikinsu su riƙa duba jadawalin kwamitoci duk mako idan an fara zama, su sanar da mu a zauren WhatsApp da Hausa. A kwamiti ake gyara ƙuduri ko a binne shi, kuma a nan ne ake ba jama'a dama su yi magana. Kana aika sunanka tun kafin ranar, a kira ka, ka zauna gaban makirfo, ka faɗi sunanka, sau da yawa minti biyu ne za a ba ka. Ba a neman Turancin jami'a. Direban da ya zo da takardar abin da ya samu a mako da rasit ɗin mai ya fi lauya tasiri a wurin. Jirgin ƙasa na Green Line yana ajiye mutum dab da ginin majalisa, ba sai ka nemi wurin ajiye mota ba.

Zuwa kwamiti, da kiran ofishin sanata, da rubuta masa wasiƙa, duk ba sa buƙatar ka zama ɗan ƙasa. Kana zaune a mazaɓarsa, ya isa. Jefa ƙuri'a kuwa na 'yan ƙasa ne kaɗai. Wanda bai riga ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa ba kada ya kuskura ya yi rajistar zaɓe, ko wa ya miƙo masa takardar, domin hakan yana iya jawo masa kora daga ƙasar.

Sakatare yana bakin ƙofa da takarda. Kowa ya rubuta unguwarsa da lambar yankinsa ta gidan waya kafin ya wuce wajen abinci, mu kuma za mu nemo wa kowa mazaɓarsa da sunan sanatansa, mu tura a zaure kafin taro na gaba. Masu son shiga cikin mutum biyar ɗin su ga shugaba bayan sallar magariba.

Ranka ya daɗe shugaba, ga makirfo. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.