Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke ba da izinin buɗe gidan talabijin?

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko daga wani matashi take a Tudun Wada, yace shi da abokansa sun yi karo-karo sun sayi kyamara da kwamfuta, suna so su buɗe ɗan ƙaramin gidan talabijin da zai kama Zariya zuwa Giwa da Soba, su riƙa nuna hawan sallah da farashin kaya a kasuwar Sabon Gari, wai wa za su je su gani?

Toh ƙanena Allah ya yi muku albarka, amma fa kyamarar nan ita ce mai sauƙin. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 cewa yayi ba mai mallakar gidan talabijin ko rediyo sai gwamnatin tarayya, ko ta jiha, ko wanda shugaban ƙasa ya sahale wa, kaga ko ƙaramar hukumar Zariya ba ta cikin lissafin balle ku. Takardarku za ta fara ne daga hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992, ita za ta duba, ta miƙa ta hannun ministan yaɗa labarai, sannan a zauna jiran sa hannun shugaban ƙasa. Kafin nan sai kun yi rajistar kamfani a CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista, kuma mafi yawan hannun jarin ya zama na 'yan Najeriya ne.

Sai maganar kuɗi, nan ne gizo ke saƙar. Lasisin miliyoyin naira ne, shekara 5 yake yi a sabunta, ga kashi 2.5 cikin ɗari na kuɗin shiga duk shekara, ga dizal ga albashi, alhali mai tallan da za ku samu bai wuce mai shagon atamfa da makarantar kuɗi ta unguwa ba. A watan Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin naira biliyan 2.6, har da tashoshin gwamnatocin jihohi a ciki. Kuma tun da aka fara komawa dijital, Jos a 2016, Kaduna a ƙarshen 2017, tsarin shine wani kamfani daban ke ɗaukar shirinka ya watsa, shi ma biyansa za kayi.

Gaskiya abin yana damuna, mudun da ake auna babbar tashar birni bai kamata a auna yaran Tudun Wada da shi ba. An ba rediyon al'umma 17 lasisi a 2015, me zai hana talabijin ma a sassauta masa haka, a bar jami'an NBC su yanke hukunci ba sai takarda ta kai fadar shugaban ƙasa ba? Kafin nan dai ku sayi fili a tashar da ke da lasisi, ko rabin awa ne a sati, ku riƙa ɗora shirin a Facebook. Kar ku kuskura ku kafa eriya ku fara watsawa ba izini, rufewa za a yi a kwashe kayan.

Wata baiwar Allah daga Samaru kuma tace ƙungiyarsu ta wa'azi za ta iya nema? Hajiya a'a, dokar NBC ta hana ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisi, sai dai ku ma ku sayi fili.