Sharhi: Kujerar Alfred Kerr da Wanda Ya Gaje Ta

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau zai kai mu birnin Balin na ƙasar Jamus, wajen wani ɗan jarida da aikinsa shi ne ya je gidan wasan kwaikwayo da dare, washegari ya faɗa wa duniya ko wasan ya yi armashi ko kuwa ɓata lokaci ne. Sunansa Alfred Kerr, Bayahude, haifaffen garin Breslau na Jamus ta wancan zamani a 1867. Daga 1919 shi ke riƙe da wannan fili a jaridar Berliner Tageblatt, kuma alƙalaminsa kaifi ne da shi. Yakan yanka rubutunsa gutsi-gutsi, kowane da lambarsa, jimla gajeriya mai zafi. Marubuta da 'yan wasa na shakkarsa, shi kuma, gaskiya, akwai ji da kai.

Da 'yan Nazi suka fara tasowa, Kerr bai ɓoye ƙiyayyarsa ba. Ya yi ta caccakarsu a jarida da rediyo. Hitler ya hau mulki ran 30 ga Janairun 1933. A tsakiyar Fabrairu wani ɗan sanda ya tsegunta masa cewa za a ƙwace fasfonsa. Yana fama da zazzaɓi ya tashi ya kama jirgin ƙasa ya tsallake iyaka zuwa birnin Prague, iyalinsa suka biyo baya daga bisani. Ran 10 ga Mayu aka jefa littattafansa cikin wuta a bainar jama'a, wai yana lalata harshen Jamusanci. A watan Agusta sunansa ya fito cikin rukunin farko na waɗanda aka soke wa zama 'yan ƙasa.

To, wa ya hau kujerar da ya bari? Babban abokin hamayyarsa, Herbert Ihering. Shi ma ba kanwar lasa ba ne: shi ya ba marubucin wasan kwaikwayo Bertolt Brecht kyautar adabi ta Kleist a 1922, lokacin da Kerr ke yi wa matashin kallon mai kwashe aikin wasu. Ihering ba ɗan Nazi ba ne, amma ya zauna, kuma a 1934 ya karɓi filin mutumin da aka kora.

Nan ne abin lura. Wataƙila ya ɗauka idan ya kama bakinsa a kan siyasa, za a bar masa dandamali. Ina! A 1936 aka kore shi daga ƙungiyar marubuta ta gwamnati, wadda sai da rajistarta ake bugawa. A Nuwamban wannan shekara ministan farfaganda Joseph Goebbels ya haramta sukar ayyukan fasaha ɗungurungum. Ɗan jarida zai iya bayyana abin da ya gani, amma ba shi da ikon yanke hukunci, kuma sai ya kai shekara 30 kafin a ba shi izini. Gwamnatin da ke da sojoji da 'yan sandan ciki ta kasa jure wa mutum ɗaya ya ce wasan jiya bai yi ba, domin wanda ya saba auna wasa da kansa, gobe jawabin shugaba zai auna.

Ihering ya koma zaɓen 'yan wasa a kamfanin fim na Tobis, a 1942 kuma ya samu muƙami a gidan wasa na Burgtheater da ke Vienna. Bai kwana da yunwa ba.

Kerr kuwa ya sha wuya. Daga Suwizalan zuwa Faris, daga nan Landan, inda ya ƙare a ƙaramin masauki, ga talauci, ga Turancin da bai ishe shi sana'a ba. Mutumin da harshensa ne jarinsa ya rasa masu karanta shi. A 1948 ya koma Jamus, birnin Hamburg, don duba halin da gidajen wasa ke ciki bayan yaƙi. Jim kaɗan da isarsa ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, ya rasu ran 12 ga Oktoba yana da shekara 80.

Ihering ya zama babba a gidan wasa na Deutsches Theater da ke Balin tun daga 1945, ya rayu cikin girmamawa har 1977. A wannan shekarar ce aka kafa kyautar masu sharhin adabi a Jamus, aka kuma sa mata sunan Alfred Kerr.