Lacca: Sanya wa Tsohuwar Tarakta Ƙarfen Kariyar Kifewa

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka. Na ga a cikinmu akwai masu tarakta, akwai direbobi, akwai makanikai da masu walda, kuma kowane ɗayanku yana da hannu a abin da za mu tattauna.

Tarakta ba kamar mota aka ƙera ta ba. An ɗaga cikinta sama don ta tsallake kunya da shuka, saboda haka nauyinta ma yana sama, kuma a mai jan tayoyin baya kaɗai, wajen kashi biyu cikin uku na nauyin yana kan tayoyin baya. Wannan ƙirar ita ce amfaninta, ita ce kuma ke sa ta kifewa. Kifewar iri biyu ce. Ta gefe ita ta fi yawa, kusan kashi 85 cikin 100: taya ɗaya ta faɗa rami, ko bakin kwari ya zabtare, ko direba ya sha kwana da gudu. Ku riƙe wannan lissafin: idan ka ninka gudu sau biyu a kwana, ƙarfin da ke tura tarakta waje yana ninkuwa sau huɗu.

Kifewa ta baya ba ta kai waccan yawa ba, amma ta fi kisa. Inji yana juya aksul, aksul yana juya taya. Idan taya ta maƙale ta ƙi juyawa, ko kuma an ɗaura sarƙa a wurin da ya fi ƙarfen ja (wanda ake ɗaura kaya a bayan tarakta) tsawo ana neman tumɓuke kututture, ƙarfin injin ba ya ɓacewa. Sai jikin taraktar ya juya a kan aksul, gaba ya tashi sama. Cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ta kai inda ba ta dawowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta danne mai tuƙi. Kafin mutum ya gane abin da ke faruwa ya kai ƙafa kan kuloci, lokacin ya riga ya wuce. Don haka duk wanda ya ce maka shi ƙwararre ne, zai yi tsalle, gaya masa ba a ba shi lokacin tsallen ba.

Ƙarfen da muke magana a kai, wanda za ku ga an rubuta ROPS a jikin lambarsa, ba ya hana tarakta kifewa. Abu biyu yake yi. Yawanci yana tsayar da ita a kan gefenta, kada ta ci gaba da mirginawa. Sannan yana tsare wani fili a kewayen kujera wanda ƙasa ba za ta shiga ba, ƙarfen kansa ma ba zai shiga ba. Suwidin ce ƙasar farko da ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci a 1959, kuma mace-macen kifewa a can sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. A Amurka, kamfanin John Deere ya fito da nasa a 1966, dokar kare ma'aikata ta wajabta shi a 1976 ga sababbin taraktocin da 'yan ƙwadago ke tuƙawa, sai a 1985 kamfanoni suka amince su riƙa sayar da sababbi da shi. Hukumar NIOSH, mai binciken lafiya da kariyar ma'aikata a ƙasar, ta ƙiyasta cewa ƙarfen, idan an haɗa shi da bel ɗin kujera, yana hana mutuwa ko mummunan rauni da kashi 99 cikin 100.

Matsalar ita ce tarakta tana da tsawon rai. Massey Ferguson 135 da aka fara ƙerawa a 1964, da Ford 3000 da 4000, har yau suna huɗa a gonakin duniya, kuma da yawansu sun fito daga masana'anta tsirara, ba ƙarfe ba bel. Su ne abin damuwarmu.

Yanzu ga wurin da nake so ku ba ni hankalinku, musamman ku masu walda. Mutane suna ɗauka cewa idan ƙarfe ya yi kauri ya yi tauri, to ya isa. Ba haka ba ne. An tsara ƙarfen kariya ne ya lanƙwasa, amma lanƙwasa da awo, domin a cikin lanƙwasawar yake shanye bugun. Idan ya yi laushi da yawa, zai naɗe ya danne direba. Idan ya yi tauri da yawa, ba zai shanye komai ba, sai ya miƙa bugun gaba ɗaya ga bol-bol da gidan aksul. Gidan aksul na tsofaffin taraktoci kuwa yawanci ƙarfen zubi ne, wanda ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi kamar tukunyar ƙasa. Idan ya fashe, ƙarfen mai kaurin ya tafi ɗungurungum, wataƙila ma shi zai faɗo wa mutum. Tsakanin laushi da tauri akwai 'yar siririyar hanya, kuma ido ba ya gane ta, gwaji ne kawai ke nunawa.

Gwajin kuwa ba wasa ba ne. Akwai ƙa'idojin ƙungiyar OECD, akwai SAE J2194, akwai ISO 5700. A wata hanyar, ana sakin dunƙulen ƙarfe mai kilo 2,000 yana lilo ya bugi ƙarfen ta baya da ta gefe. A wata kuma, ana tura shi a hankali da injin matsi har sai ya shanye ƙarfin da aka ƙayyade gwargwadon nauyin taraktar, sannan a danne shi daga sama da abin da ya kai ninki biyu na nauyinta. Wato tarakta mai tan 2, ƙarfenta zai ɗauki kusan tan 4 daga sama, bayan an riga an lanƙwasa shi ta baya da ta gefe, kuma duk da haka filin direba ya kasance babu abin da ya shige shi. Ana yin gwajin ne da ƙarfen a ɗaure a kan aksul irin na taraktar da aka yi shi dominta. Shi ya sa ƙarfen da ya ci jarrabawa a kan wani samfuri ba lallai ya yi aiki a kan wani ba, ko da ramukan bol sun yi daidai.

Saboda haka aikin yana farawa ne daga takarda. Ka rubuta sunan kamfani, samfuri, lambar jikin tarakta, girman tayoyin baya, da siffar gidan aksul, zagayayye ne ko mai kusurwa, domin samfuri ɗaya yakan fito da aksul iri biyu. Ka lissafa nauyinta har da ruwan da aka zuba a taya da ƙarafan ƙarin nauyi. Da wannan bayanin za ka nemi ƙarfe wurin dilan kamfanin ko wurin masu ƙera irinsa da izini. Idan ya iso, ka nemi lambar da ke manne a jikinsa. Dole ta nuna wanda ya ƙera, ƙa'idar da aka gwada shi a kai, da samfurin taraktar da ya dace da ita. In babu wannan lambar, ka ɗauka ƙarfen ado ne. Rumfar inuwa ma da ake kafawa a kan madigadi, rana kawai take tarewa.

Ga yawancin tsofaffin taraktoci, mai ƙafa biyu da ke zama a kan aksul na baya shi ya fi sauƙin samu da sauƙin ɗaurawa. Akwai mai ƙafa huɗu, akwai kuma mai naɗewa don masu aiki a ƙarƙashin bishiyoyi ko cikin rumfa mai gajeren rufi.

Kafin a ɗaura komai, a wanke gidan aksul fes, a kankare tsatsa da busasshen laka da tsohon man da ya daskare. A haska fitila a duba tsagewa, musamman kusa da ramukan bol da inda aksul ya haɗu da akwatin giya. Idan an taɓa yi wa wurin walda, ko zaren ramukan ya cinye, a dakata har sai an canza gidan. Datti da tsatsar da aka bari a ƙarƙashin faranti za su murƙushe bayan 'yan kwanaki, faranti ya sami wurin motsi, bol ya saki.

A ajiye tarakta a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, a sauke garma ƙasa, a kashe inji a zare makulli, a sa wa tayoyi waigi gaba da baya, a cire wayar batir. Yawanci sai an kwance madigadi, don haka a lura da wayoyin fitila da bututun mai, kada faranti ya matse su. Ƙarfen ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a samu mutum biyu ko abin ɗaga kaya mai sarƙa. A ɗora farantan sama da na ƙasa, a zura bol-bol a ɗaure da hannu kawai. A tsayar da ƙafafun biyu, a haɗa sandar sama, ita ma da hannu. Sai an auna an ga ƙafafun sun miƙe kuma tazararsu daga kujera ɗaya ce hagu da dama, sannan a fara matsewa, kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Wanda ya matse gefe ɗaya tun farko zai tarar ramukan ɗaya gefen sun kauce, daga nan sai a ɗauko guduma ko a faɗaɗa rami, an ɓata ƙarfen ke nan tun bai fara aiki ba.

Bol ɗin da ya zo tare da ƙarfen shi za a sa. Ku dubi kansa: na awon milimita za ku ga 8.8 ko 10.9, na awon inci kuma layi uku ko layi shida. Wanda kansa babu alama bai da wuri a wannan aikin. A matse da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, har adadin da takardar ta faɗa. Misali, bol mai kaurin milimita 16 mai lamba 8.8 yakan buƙaci wajen Nm 200 a ma'aunin sifanar idan zarensa a bushe yake. Idan ka shafa masa mai ka kai shi wannan adadin, ka ja shi fiye da ƙima, don haka kada a shafa sai takarda ta ce a shafa. Bayan awannin farko na aiki a sake bi da sifana, domin faranti yakan zauna, daga nan kuma a riƙa dubawa duk lokacin juyen mai.

Sai bel. Filin da ƙarfen ya tsare ba shi da amfani ga wanda aka wurgar waje, kuma wanda aka wurgar, ƙarfen kansa na iya sauka a kansa. Dokar Amurka ta ce maɗaurin bel ya iya jure jan da ya kai wajen kilo 450. Tsohuwar kujerar kwano mai tsatsa ba za ta jure wannan ba, shi ya sa sau da yawa sai an canza kujerar ko an ɗaure bel ɗin a inda takarda ta nuna a jikin taraktar. Bel ya bi ta kan ƙashin ƙugu, kada ya hau ciki. Kada kuma a ɗaga kujera da katako ko a sa wadda ta fi ta asali tsawo, domin daga kujera aka auna filin kariyar, in ka ɗaga ta ka fitar da kan direba daga ciki. Ku kuma lura da kishiyar wannan: a taraktar da ba ta da ƙarfe, ko wadda aka naɗe ƙarfenta, ba a ɗaura bel. Mai naɗewa, da zarar an fito daga ƙarƙashin bishiya a tashe shi a mayar da fil-fil ɗinsa. Abin da ya fi damuna da irin wannan shi ne yadda ake naɗe shi sau ɗaya a manta da shi shekara da shekaru.

Bayan an ɗaura, ba a huda shi don rataya fitila, ba a yi masa walda, ba a rage masa tsawo don ya shiga rumfa, ba a ɗaura masa sarƙa a ja kaya. Fitila ko madubi a kama su da maƙali. A auna sabon tsawon taraktar a gwada da ƙofar rumfa da wayoyin lantarkin da take bi ta ƙarƙashinsu. Idan ta taɓa kifewa da shi, ya gama aikinsa, a canza shi har da bol-bol da bel, ko da ido bai ga lanƙwasa ba. Kuma mutum ɗaya aka yi wa filin. Wanda ya zauna a kan madigadi yana daidai inda ƙarfen zai bugi ƙasa.

Wani daga cikin mahalarta ya tambaya: Malam, idan ba a samu na samfurin taraktar mutum ba fa, ba gara na mai walda da babu ba?

Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan ce maka ƙwarewar mai walda ce ta gaza ba. Abin da ya rasa shi ne zanen da aka gwada. Hukumar NIOSH ta fitar da zane-zane kyauta na ƙarfe mai rahusa don Ford 8N, Ford 3000, Ford 4000 da Massey Ferguson 135, waɗanda aka gwada a kan ƙa'idar SAE J2194, kuma an tsara su ne a haɗa yawancin sassan da bol. Mai irin waɗannan taraktocin yana iya kai zanen wurin ƙwararre, da sharaɗin a bi shi sak: irin ƙarfen, kaurinsa, girman faranti, lambar bol, kada a musanya ko ɗaya da abin da ke kusa. Amma ƙarfen da aka ƙera da ka, haɗarinsa shi ne direba zai amince da shi ya ɗaura bel, ya shiga gangaren da da ba zai shiga ba. Idan samfurinka ba shi da ƙarfen da aka gwada, ko gidan aksul ɗinsa ba zai ɗauka ba, ka sauya wa taraktar aiki. Ta tsaya a fili shimfiɗaɗɗe ko ta riƙa juya injin ban ruwa da na sussuka a tsaye, a buɗa tazarar tayoyinta, a haɗe birkunan biyu idan za a hau hanya, a ja kaya daga ƙarfen ja kaɗai, in ta kafe a laka a fita da baya. Aikin gangare da bakin kwari da jan tirela mai nauyi kuma a bar wa wadda ke da ƙarfe da bel.