Awa Takwas a Zanzibar: Ina Za Ka Dosa Idan Jirgi Ya Tsaya?

Assalamu alaikum, masu kallo. Mu ɗauka gari ya waye, jirgin ruwanku na yawon buɗe ido ya tsaya a gaban Zanzibar, an kuma sanar da cewa kowa ya dawo kafin ƙarfe biyar na yamma. Abin da ke hannunka ke nan bai wuce awa takwas ba, tsibirin kuwa tsawonsa ya kai kilomita 85. To, ina za ka dosa?

Wurin da ake kira Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba, kuma a Unguja jirage ke tsayawa, a tashar Malindi. Idan jirgin matsakaici ne yakan jingina da tashar. Idan kuwa irin manyan nan ne masu kama da unguwa guda, can cikin ruwa yake tsayawa, a riƙa fito da mutane a ƙananan jirage. Wannan fiton kaɗai, zuwa da dawowa, yana iya cinye maka awa guda. Ka cire shi daga lissafi tun yanzu.

Kana fitowa ƙofar tasha za a yanyame ka: mai tasi, mai kwale-kwale, mai cewa shi ɗan jagora ne. Mutanen gari suna kiran masu naci cikinsu papasi, wato kaska, don idan sun maƙale ba sa saki. Ba faɗa ba ne, neman abinci ne. Ka yi murmushi ka ce da harshensu na Swahili "hapana, asante", a'a na gode, ka wuce. Dalili kuwa, abin da ya fi komai daraja a tsibirin nan ba ya buƙatar mota. Tashar a bakin tsohon birni take, wanda 'yan gari ke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town, birnin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000.

Ka bi titin bakin teku, ruwa yana hannunka na dama. Ginin farko da zai tsayar da kai shi ne tsohon ɗakin shan magani, mai barandar katako da aka yi wa sassaƙa kamar aikin wuyan riga. Wani attajiri ɗan asalin Indiya, Tharia Topan, ya aza harsashinsa a 1887. Gaba kaɗan ga fadar sarakuna, sai kuma Beit al-Ajaib, Gidan Al'ajabi, wanda Sultan Barghash ya gina a 1883. Sunan ya samo asali ne daga cewa shi ne gini na farko da ya sami wutar lantarki a Zanzibar, har da na'urar hawa bene. Sai dai wani sashe nasa ya rufta a Disamban 2020, don haka kafin ka sa rai da shiga, ka tambaya.

A daidai wannan fili aka yi yaƙin da ake cewa ba a taɓa yin mafi gajarta kamarsa ba. Ranar 25 ga Agusta 1896, Khalid bin Barghash ya hau gadon sarauta ba da yardar Ingila ba, aka ba shi wa'adi ya sauka, ya ƙi. Ranar 27 ga watan, jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa fada wuta da misalin ƙarfe tara na safe, kafin minti 45 an gama. Masu jagora sukan ba da labarin cikin raha, amma mutum wajen 500 ne suka mutu ko suka jikkata a ɓangaren Zanzibar, a ɓangaren Ingila kuwa matuƙi ɗaya ne ya ji rauni. Kusa da nan akwai Ngome Kongwe, sansanin da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a 1698. Minti goma sun ishe ka a ciki. Yawanci masu sayar da zane-zane da tsaraba ne.

Yanzu sai ka juya wa teku baya, ka kutsa cikin lungu. Duk wanda ya san cikin birnin Kano ko Zariya zai ji kamar ya taɓa zuwa: lungu ya haifi lungu, mota ba ta shiga, sai babur da keke suna ƙararrawa. An gina gidajen da dutsen murjani da farar ƙasa, aka yi rufi da sandunan itacen da ke tsirowa a ruwan gishiri, wanda suke kira mikoko. Sandunan ba su da tsawo sosai, shi ya sa za ka ga ɗakunan dogaye ne amma matsattsu, kamar yadda tsawon azara ke yanke wa magini faɗin soro. A ƙofar gidaje akwai dakali, su baraza suke ce masa, kuma aikinsa ɗaya da namu: hira, shan gahawa, da kallon mai wucewa.

Ka dinga duban ƙofofi. Masu kusurwa huɗu, da ayar Alƙur'ani a sassaƙe a samansu, salon Larabawa ne. Masu baka a sama da manyan ƙusoshin tagulla sun fi ɗaukar salon Indiya, inda aka ce ana kafa ƙusoshin don hana giwayen yaƙi banke ƙofa. Babu giwa a Zanzibar, ado ne da nuna arziki. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ake nuna wa baƙi ita ce ta gidan Tippu Tip, falken hauren giwa da bayi wanda ayarinsa ya kai har cikin Kongo, ya rasu a 1905. Kyan ƙofar da abin da ya saye ta, su ne za su kai mu wurin da a ganina bai kamata kowa ya tsallake ba.

A unguwar Mkunazini akwai babbar majami'ar Angilika. Inda take tsaye nan ne kasuwar bayi. Daga yankunan da yau suke Tanzaniya, Malawi da gabashin Kongo ake koro mutane da ƙafa zuwa gaɓa, a loda su a jiragen filafilai, a kawo su nan. Wasu a wuce da su ƙasashen Larabawa da Farisa, wasu a bar su a gonakin tsibirin. A 1873 Ingila ta matsa wa Sultan Barghash ya rufe kasuwar, a shekarar kuma aka fara ginin majami'ar, aka ce an kafa bagadenta a gurbin da ake ɗaure bayi ana bulala. Bautar kanta ba a soke ta a tsibirin ba sai 1897. A harabar akwai rami da mutum-mutumi biyar a tsaye, sarƙa a wuyansu, akwai kuma ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa da ake shiga da baƙi, waɗanda mutum ba ya iya miƙewa sosai a ciki. Ana biyan kuɗin shiga, kuma Musulmi da Kirista duk suna shiga. Ka ba wurin minti arba'in, ka karanta allunan bayanin. Mu ma da Sahara ta ga irin wannan fatauci ba baƙin labarin ba ne.

Me ya sa ake buƙatar bayi da yawa haka a ɗan tsibiri? Amsar tana cikin kwalbar kayan shayin gidanku: kanumfari. Asalinsa daga tsibiran Maluku ne na Indonesiya. A farkon ƙarni na 19 aka kawo shi Zanzibar, Sultan Seyyid Said na Oman ya ga ƙasar ta karɓe shi, ya sa aka cika gonaki da shi, har ya taso da fadarsa daga Maskat ya dawo nan wajen 1840. Kanumfari kuwa toho ne na fure, da hannu ake tsinkarsa kafin ya buɗe, a shanya ya bushe ya yi baƙi. Aiki ne mai cin hannuwa. Zanzibar da Pemba suka zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi, kuma har yau Pemba ce ta fi nomansa. Su karafuu suke cewa, mu kanumfari, dukkanmu daga Larabci muka aro.

Daga majami'ar taku kaɗan ne zuwa kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904. Ɓangaren kifi sai mai ƙarfin hanci, amma na kayan ƙamshi nan ne wurin tsaraba. A nan Bahaushe yake da wata riba da Bature ba shi da ita. Saurari ƙidayarsu: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sabini, themanini. Ka gane duka, ko? Alhamisi da Ijumaa ma haka, asubuhi kuma safiya ce. Ka yi sallama, za a amsa maka da sakin fuska, domin kusan dukkan mutanen tsibirin Musulmi ne. Taya kaya kamar yadda ka saba, ba wanda zai ji haushi. Kuɗinsu shilin ɗin Tanzaniya ne; ana karɓar dala a wuraren baƙi, amma canjin da za a yi maka a tsaye ba zai yi maka daɗi ba.

Zuwa yanzu rana ta take, ka ci wajen awa uku da rabi. Saura fita ɗaya. Ɗaya fa na ce.

Mafi kusa shi ne tsibirin Changuu, wanda ake kira Tsibirin Kurkuku, tafiyar kamar rabin awa a kwale-kwale mai inji. An gina kurkukun a 1893, amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mai da wurin na killace matafiyan da ake zargin suna ɗauke da zazzaɓin shawara. Abin da ke kai mutane yau shi ne manyan kunkuru irin na tsibirin Aldabra. Guda huɗu gwamnan Ingila na tsibiran Seshel ya aiko kyauta a 1919, suka hayayyafa. Wasu sun haura shekara ɗari, nauyin babba kuma ya fi na ƙato biyu. Idan da yara a tafiyar, nan za ka kai su. Masu kwale-kwale za su so su haɗa maka da Nakupenda, wani tudun farin yashi a tsakiyar ruwa. Ka fara tambayar lokacin cikar teku, domin idan ruwa ya cika tudun nutsewa yake yi, ga shi babu inuwa sai rumfar da aka kafa.

Wanda zancen kanumfari ya kama shi, sai ya nufi gonakin Kizimbani ko Kidichi, abin da bai wuce minti arba'in a mota ba. Za a murje ganye a miƙo maka ka canka, a kankare ɓawon itace ka ji ashe kirfa ce, a tono citta da gangamau, a fasa ɗan itace ka ga gyaɗar ƙamshi da jan zare a jikinta. Akwai ɗan wasan kwaikwayo a ciki, har da mai hawa bishiyar kwakwa yana waƙa don a ba shi na goro, amma mutum zai ƙaru.

Ni dai da za a ce in zaɓa, dajin Jozani zan tafi. Yana kudu maso gabas, kilomita wajen 35, awa guda a mota, kuma an mai da shi gandun ƙasa a 2004. A nan ake ganin wani biri mai jan baya da farin gashi tsaye a ka, wanda asalinsa ba shi da wani gida a duniya sai Unguja. 'Yan gari suna ce masa kima punju, birin guba, saboda tsohuwar camfin cewa yana kashe bishiyar da yake ci. Ganye ne abincinsa, kuma an san shi da cin gawayi, abin da masana ke ganin yana rage masa dafin wasu ganyayen. Sun saba da mutane, suna saukowa har dab da kai, sai dai ba a taɓa su, ba a ba su abinci. A ƙetaren titi akwai gadar katako da ta ratsa cikin mikoko, ka ga itacen da ya rufe gidajen da ka gani da safe.

Nungwi da Kendwa a arewa, masu farin yashin da kake gani a hotuna, awa ɗaya da rabi ne zuwa, haka dawowa. Masallacin Kizimkazi a kudu, mai tsohon rubutun Larabci irin na Kufi ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, shi ma nisansa ke nan. Masu kwana su ke da waɗannan.

Abu biyu kafin ka sauka daga jirgi. Tanzaniya tana neman katin rigakafin shawara daga masu zuwa daga ƙasashen da cutar take, Najeriya da Nijar na ciki, don haka ya kasance a aljihunka. Sutura kuma, a cikin gari ana son a rufe kafaɗa da gwiwa, kuma da azumi ba a ci a bainar jama'a. Wannan ba sai an faɗa mana ba.

Sai maganar agogo, wadda ta fi duka hatsari. Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe bakwai na safe a wurinsu saa moja ne, ƙarfe ɗaya. Sha biyun rana saa sita, ƙarfe shida. Idan direba ya ce zai dawo ya ɗauke ka saa kumi, ƙarfe goma, huɗu na yamma yake nufi. Idan kai kuma ka ce masa huɗu, ya ji saa nne, to goma na safe ko na dare ke nan a lissafinsa. Kada ku rabu sai kun nuna wa juna lokacin a fuskar waya. Jirgi yana jiran motocin yawon da shi ya shirya, amma ba ya jiran wanda ya ɗauki tasi da kansa. Ka kasance cikin gari awa guda kafin wa'adi.

Wannan awar ka ƙarar da ita a lambun Forodhani, gaban sansanin nan na safe. Da la'asar sakaliya masu abinci ke fara jera tebura: tsiren kifi, pweza, wata dabbar teku mai hannuwa takwas, urojo, wani romo mai ɗan tsami da dankali a ciki, da rake da ake matsewa a gabanka tare da citta da lemun tsami. Samari suna sheƙowa da gudu suna faɗawa teku daga kan katanga. Kasuwar ba ta cika sai bayan magariba, lokacin kuwa kai kana kan ruwa, don haka ka sha ruwan rakenka, ka kama hanya. Daga nan zuwa ƙofar tasha tafiyar minti goma sha biyar ce, teku a hannunka na hagu.