Fam 25 na biya, kayan sun ɓace daga cikin gem

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da muryata, yanzu na shigo daga aikin dare, ko shayi ban sha ba. Abin da ya faru jiya da yamma ne yake ta cina har a wurin aiki, na ce sai na faɗa muku kafin in kwanta.

Kun ga talabijin ɗin nan, inci 55, fam 380 na ɗauke ta lokacin rangwamen ƙarshen Nuwamba. Ga na'urar gem ɗinmu a ƙarƙashinta. Bara ma'ajiyarta ta cika, sai na goge wasu tsofaffin gem don a sami wuri, a zuwan duk ranar da muka so sai mu sake saukewa. Jiya ruwan Bradford ya hana fita, yarona ɗan shekara tara ya ce, "Abba, mu dawo da wancan da muke yi tare." Na sauke, ya buɗe lafiya ƙalau. Amma ƙarin da na saya daban, wanda suke ce wa DLC, wani tsibiri ne guda da labarinsa, babu shi babu dalilinsa. Na leƙa shagon intanet ɗin, an cire. Fam 25 na biya, rasitina yana nan a imel har da kwanan wata. Na rubuta wa kamfanin, amsar da ta zo cikin ladabi ita ce izinin amfani na saya, kayan kuwa nasu ne. Yaron yana zaune a kan kafet riƙe da abin bugawa, yana kallon fuskata yana jira, na rasa da bakin da zan yi masa bayani.

Ni fa a Kano na tashi. Gidan gem na unguwarmu shago ne ɗan ƙarami, benci biyu, PlayStation 2, janareto yana ta ƙugi a ƙofa. Idan faifai ya fara sarƙewa, mai shagon ya hura masa iska ya goge da gefen riga, a ci gaba da buga ƙwallo. Faifan nan da ya saya nasa ne har ya gaji da shi, ya sayar ko ya ba ƙaninsa. Wa zai taso daga wata ƙasa ya shiga shagonsa ya ɗauke? Kai, har ƙanshin gurasar da ake tallanta a bakin layin na tuna jiya, na ji kamar in yi tsuntsu.

A cikin dare lokacin hutu na zauna na bibiyi maganar, na ga ashe tawa ƙarama ce. Akwai gem ɗin tseren mota, The Crew, na kamfanin Ubisoft na Faransa, wanda ya fito a 2014, kana tuƙi daga wannan gefen Amurka zuwa wancan. A Disamba 2023 aka daina sayar da shi, ranar 31 ga Maris 2024 aka kashe sabar da yake dogaro da ita, wato kwamfutar kamfanin da gem ɗin yake haɗuwa da ita ta intanet. Da yake ko kai kaɗai kake wasa sai ka haɗu da sabar, shi kenan ya mutu a hannun kowa, har wanda ya sayi faifansa a kwali. Bayan nan mutane suka ga an janye musu lasisin daga asusunsu. Kamfanin Nintendo ma ya rufe shagon intanet na na'urorin gem ɗinsa 3DS da Wii U a Maris 2023, duk abin da ba a taɓa bugawa a faifai ko kaset ba, babu sauran hanyar sayensa a can.

Ba na ce ba su da hujja ba. Motocin da ke cikin irin waɗannan gem da waƙoƙin da ake sa wa a rediyonsu, haya kamfanin yake yi na wasu shekaru, in wa'adi ya cika dole ya janye. Riƙe saba kuma kuɗi ne. Na yarda. To me ya sa maɓallin da na danna aka rubuta "saya" a kansa? A rubuta min haya mana, a faɗi ranar ƙarewa, in na ga dama in biya. Jihar Kalifoniya ta yi doka a kan haka, ta fara aiki a 2025, dole mai shago ya bayyana maka cewa lasisi kake karɓa.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai, mutanen nan ba su yi shiru ba. Wani mai bidiyo a YouTube, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe gem, a 2024 saboda The Crew. Takardar koken da aka kai Tarayyar Turai ta wuce sa hannu miliyan ɗaya, ta nan Birtaniya ta wuce 100,000. Buƙatarsu ɗaya ce: in za ku tafi, ku bar gem ɗin a yanayin da zai yi aiki ba tare da ku ba. Ubisoft ɗin ma daga baya ta yi alkawarin sa wa The Crew 2 hanyar wasa ba intanet.

Ɗan uwa, musamman kai da ka zo kwanan nan ka fara karɓar albashi da fam, kada rangwame ya ruɗe ka. Kafin ka biya, duba ko gem ɗin yana tashi ba intanet. Abin da ka riga ka sauke kuma kada ka goge kamar yadda na yi, ka sayi ƙarin ma'ajiya.

Ni dai na tura wa ƙanina saƙo ya duba min ɗakin Hajiya, akwai jakar da na bar tsohuwar PlayStation 2 ɗina da faifai kusan goma. In tana nan, a ba wa mai tahowa ya taho min da ita, in nuna wa yaron. Bari in je in kwanta, ƙarfe uku zan ɗauko shi daga makaranta.