Bakhita Ta Yafe, Amma Ta Ƙi Komawa

Jama'a masu sauraro, ranar 8 ga Fabrairu ce Cocin Katolika ke tunawa da Waliyya Josephine Bakhita, 'yar ƙasar Sudan. Na halarci Misa, wato sujadar Katolika, a ranar, kuma abin da na ji daga bakin mai wa'azi ya hana ni sakat. Cewa ya yi bauta ta zame wa Bakhita alheri, don haka duk wanda ke shan wuya a hannun wani ya yi haƙuri, ya yi shiru, Allah na gani. Jama'a suka amsa da amin. Ni kuwa raina ne ya ɓaci.

A Darfur aka haife ta wajen 1869. Ba ta kai shekara goma ba 'yan kamen bayi suka sace ta. Tsabar firgita ta sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Ɓarayin ne suka laƙaba mata Bakhita, wato mai sa'a da Larabci. Aka yi ta cinikinta hannu zuwa hannu, daga El Obeid har Hartum. A gidan wani janar Baturke aka kira mai tsaga, ta zana mata jiki da gari, ta bi zanen da aska, sannan aka riƙa cusa gishiri cikin raunukan don tabon ya tashi. Tsaga 114, a ƙirji da ciki da hannu. Wannan ne alherin? Wa zai yarda a yi wa 'yarsa ko da guda ɗaya?

A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya, Callisto Legnani, ya saye ta. Bayan shekara biyu ya tafi da ita ƙasarsu, ta koma 'yar raino a gidan iyalan Michieli. Da uwar gidan za ta yi tafiya, sai ta ajiye ta tare da 'yar da take raino a wurin sistocin Kanosa, wata ƙungiyar mata da suka ba da ransu ga hidimar Coci, a birnin Venis. A can ta fara koyon addini. To ga wurin da masu wa'azinmu ke tsallakewa. Da uwar gidan ta dawo za ta tafi da ita Sudan, Bakhita ta ce ba za ta je ba. Aka lallashe ta, aka matsa mata, aka tuna mata alherin da aka yi mata, ta kafe. Magana ta kai gaban hukuma, ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san wani abu wai shi bawa ba, don haka Bakhita 'ya ce. Sai bayan nan aka yi mata baftisma, a Janairun 1890. Ta zama sista a 1896, ta yi shekaru tana girki da tsaron ƙofa a garin Skiyo, ta rasu a 1947. Paparoma John Paul na biyu ya sa ta cikin waliyyai a shekarar 2000.

Na san abin da za a ce mini. Ai ita da bakinta ta ce da za ta gamu da waɗanda suka sace ta, da ta durƙusa ta sumbaci hannunsu, domin ta dalilinsu ta san Almasihu. Gaskiya ne, kuma ba na jayayya da girman wannan yafiya. Amma yaushe ta faɗa? Bayan ta sami 'yancinta, da ƙafarta a inda ta zaɓa. Yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ne, shi ke bayarwa in ya so. Wanda ke riƙe da bulala ba shi da hurumin karanto wa yarinya wannan magana. Bakhita ta yafe, amma ta ƙi komawa. Duk wanda ya ba da rabin farko ya haɗiye na biyu, ya ci amanar labarinta, ko da kyakkyawar niyya ya yi.

Ita kanta Cocin ta gane haka. Tun 2015, a zamanin Paparoma Francis, ranar Bakhita ta zama ranar addu'a da wayar da kai kan safarar mutane. Kuma ba labarin dā muke ba. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon 'yan Afirka a Libiya, ƙarshen hanyar nan da ta ratsa Agadas. A 2008 kotun ECOWAS ta sami gwamnatin Nijar da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. Da ta bi wa'azin a yi shiru, da wa ya ji labarinta?

Amma bar batun Libiya, mu leƙa gidajenmu. Da aka tashi Misar nan, a bakin ƙofa na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, goye da jariri, jakar madam a hannu, silifa ɗaya an ɗaure da waya. 'Ya'yan gidan suna gaba cikin sabon ɗinki. Kowa ya san yadda ake yi: dillaliya ta je ƙauye ta yi wa iyaye alkawarin makaranta, ta kawo yarinya birni, ƙarshen wata ita ke karɓar kuɗin. Yarinyar ce ke fara tashi, ita ke ƙarshen kwanciya. Musulmi da Kirista duk muna yi, kada wani ya nuna wa wani yatsa. Amma mu da muka rataya hoton Bakhita a bango, muka kunna mata kyandir, da wane ido za mu dube ta? Kuma wannan yarinyar tana tsaye a baya lokacin da aka ce ta yi shiru. A kunnenta aka faɗa, uwar ɗakinta na amsa amin.

Ya ku limaman coci da katikis masu koyar da addini, shekara mai zuwa in kun tsaya gaban jama'a, ku kai labarin har Venis, har ranar da ta ce a'a. Ya ku iyayenmu mata na zumunta, ku ne kuka san gidan da ke da irin yarinyar nan, ku ne za ku iya tambaya ko tana zuwa makaranta, da wanda ke cin kuɗin aikinta. In abin ya fi ƙarfinku, akwai NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, tun 2003 aka kafa ta don wannan aikin.

Na tsaya na tambayi yarinyar sunanta. Sai da ta waiga ta dubi madam kafin ta amsa, kuma sunan da ta faɗa mini, wanda aka sa mata ne a gidan aiki.